Yadda Ake Haɗa Jirgin Yaƙi Tare da Surukin da Ba Ki Iya Yi wa Magana

'Yar'uwa, in kin bi matakan nan daki-daki, na yi miki alkawari cikin kasuwa uku za ki haɗa jirgin yaƙi sukutum, da fukafukai da farfela da ƙafafu, ki tsare mutuncin dattijo guda, kuma duk ba tare da kin ɗaga kai kin dubi idon kowa ba. An gwada hanyar nan sau ɗaya, a Shagari, a bazarar bana, ta kuma yi aiki. Ɗari bisa ɗari ke nan. Ko maganin shawara da ake talla a tashar Bodinga bai kai haka ba.

Kada ki tsorata, jirgin na roba ne. A kwali yake zuwa, gunduwa-gunduwa har ɗari biyu da 'yan kai, in an gama haɗa shi faɗin fukafukansa kamu guda ne da ɗan ɗori. Ba ya tashi, ba ya harbi, ba a cin sa. Turawa ne suka ƙirƙiro shi don mutanen da ba su da shanya, ba su da surfe.

Mataki na 1: Samo suruki mai labari

In surukinki mai shiru ne, ajiye takardar nan ki koma kan tukunyarki. Wanda ake buƙata shi ne mai labari ɗaya tak, wanda ya shekara arba'in yana ba da shi.

Nawa, wanda sunansa ba zai fita daga bakina ko alƙalamina ba, Injiniya ake ce masa a gari. Lokacin yaƙin Hitila ya tafi ci-rani Kano yana saurayi, ya sami aiki a filin jirgi, ya dawo bayan shekara biyu da kofin ƙarfe ɗaya da labarin cewa shi ya riƙa haɗa wa Turawa jiragen yaƙi. Da aka kai gaisuwata, jirage bakwai ne. Ranar da aka kawo ni gidan sun kai goma sha biyu. Jirgi, in ya sami kulawa, yana haihuwa.

Sunan nan shi ne dukiyar Baba. Gonarsa ba ta fi ta kowa ba, shanunsa biyu ne, ɗayar ma gurguwa. Amma in ana gardama a ƙofar masallaci kan ko ƙarfe yana gajiya, shi ake jira. Yara in jirgi ya gifta a sama, sai su ruga su gaya masa, shi kuma ya ɗaga kai ya gyaɗa, kamar wanda aka kawo wa gaisuwar jika.

Sannan ki tabbata yana da taubashi. Namu shi ne Arzika mai albasa, ɗan ƙanwar mahaifin Baba, wanda al'ada ta ba shi lasisin tsokana tun suna yawo ba wando. Shekara arba'in yana cewa labarin ƙarya ne, shekara arba'in ba shi da shaida.

Mataki na 2: Bari mijinki ya yi tsaraba ba tare da shawara ba

Wannan ba ya buƙatar ƙoƙari daga gare ki. Da kansu suke yi.

Ɗan gidan nan, wato mijina, malamin gona ne, an tura shi kwas Ingila, aka kuma dawo da shi ba shiri da gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Ranar da ya iso, ƙofar gida ta cika. A shekarar da madara da sabulu suka zama abin nema da rantsuwa, kowa ya ga ƙaton kwali sai ya fara haɗiyar yawu. Ni ina bayan zana, idona a wata 'yar kafa da na daɗe da sani.

Ya durƙusa ya ajiye kwalin gaban mahaifinsa. A jikinsa an zana jirgi yana keta hayaƙi. Ya ce, "Baba, ga irin wanda kunka haɗa. Na gane shi cikin shago, nic ce wanga naku na."

Arzika ne ya fara kai hannu, ya buɗe. Babu jirgi. Sai 'yan ƙananan robobi masu launin toka, maƙale a jikin sanduna.

"Wanga na jirgin? Ni ƙashin kihi nig gani."

"Haɗa shi a kai," in ji ɗan gidan, da muryar mutumin da bai san ya taka wutsiyar maciji ba.

Arzika ya gyara zama. Na ga haƙoransa duka, har da na gefe da goro ya gama da su. "Madalla! Injiniya, kai da kah haɗa na ƙarhe goma sha biyu, wanga na roba ai kamin la'asar ka gama."

Baba ya dubi cikin kwalin. Ya ce, "Aikin jirgi ba a yi mai gaggawa."

"To kasuwa ukku na ba ka. In ya tsaya bisa ƙahwahunai, hwarhelar na juyawa, ni Arzika in ɗauke shi bisa kai in zagaya gari. In ko bai tsaya ba, sunan ga na Injiniya mu ba jakina. Shi ko banza ya san hanyar Lambara."

Aka yi dariya, Mai Unguwa Isa ya ce ya shaida. Kwana biyu bayan nan mai tsarabar ya koma bakin aikinsa a Gusau, rabon taki. Haka suke.

Mataki na 3: Ki yi shiru

In ke irina ce, nan ne za ki fi ƙwarewa. Na yi shekara uku a jami'a ban taɓa ɗaga hannu a aji ba. Na koyar a wata makarantar 'yan mata a Bodinga ina fuskantar allo har aka sallami ɗalibai don abinci ya ƙare, aka ce kowa ya zauna gida tukuna. Shi ya sa nake Shagari, gidan surukai, da digiri a ƙasan akwati.

Ki tuna dokar gidan. Surukinki ba ya shiga inda kike, ke ba kya giftawa inda yake. In ƙaddara ta haɗa ku a zaure, ki durƙusa ki fuskanci bango, shi ya yi tari ya wuce. Wata goma sha huɗu da aurena, abin da ya shiga tsakanina da Baba bai wuce tari tara ba.

Baba ya shige rumfarsa da kwalin, ya ce kada kowa ya kusanto, aikin sirri ne. Rumfar tana jingine da zanar da ta raba sashensa da tsakar gida. Kwana uku ba abin da ke fitowa sai ƙarar takarda ana juya ta, da ajiyar zuciya. Ta kafata na ga yana riƙe da littafin bayanin, ƙasa a sama. Na ga an mayar da akushinsa da rabin tuwo.

Littafin da Turanci yake. Duk gidan ke kaɗai kike karanta shi. Ya sani, kin sani, ya san kin sani. Kada ki ce uffan. Masana sun ce wanda ya fara magana shi ya rasa kunya.

Mataki na 4: Ɗaure akuya a inda ya dace

Wannan shi ne ginshiƙin aikin. Ki samo akuya mai haƙuri, ki ɗaure ta a gindin zana, daidai rumfar, ki kawo tsintar wake ki zauna kusa kamar inuwa kika biyo. Tamu sunanta Kyalla.

Rana ta huɗu da hantsi, na ji gyaran murya ta bayan zana.

"Kyalla. Ke ba ki yi boko ba, ba ki da laihi. Amma da a ce akwai mai boko gidan ga, da ya gaya muna mi Bature yar rubuta ga takardag ga."

Wake ya zube daga faifaina. Na dubi akuya, akuya ta dube ni. Na ce, da muryar da ko ni da ƙyar na ji, "Kyalla, in takarda ta hwaɗo ta ƙarƙashin zana, ai ba mai cewa wani yat turo ta."

Sai ga littafi yana leƙowa ta ƙasa, a hankali, kamar kunkuru.

Ga ƙa'idojin zance da akuya. Kada ki ce "kai", kada ki ce "ku". Kada ki yi dariya, ko da ya kira farfela fanka. In akuya ta yi kuka a tsakiyar magana, ki dakata ta gama, da ita ake. In ya yi kuskure, kada ki gyara shi, ki gyara akuya: "Kyalla, halan ke kina zaton wanga ƙahwa ta. Bindiga ta." Zai ce, "Na gaya miki, Kyalla, ba ki ji." Shi ke nan an wuce wurin.

Mataki na 5: Tara kayan aiki, ki kuma ɓoye gam

Littafin zai lissafa miki wuƙa ta musamman da takardar goge roba da buroshi iri uku. Kada ki damu, Bature bai san Shagari ba. Reza ta isa yanka. Matsefatar cire ƙaya ta isa ɗaukar ƙananan. Dutsen goge kaushi yana gyara baki. Tsohuwar robar keke, in an yanka ta siri-siri, tana ɗaure fukafuki har ya kama. Gashin zabo yana shafa fenti, in zabon ya yarda.

Sufuri kuwa aikin Inna ne, uwar mijina. Ba wanda ya gaya mata komai, ba ta kuma tambayi kowa ba. Da safe za ta shiga rumfa ta fito da akushi rufe da faifai, ta dire a ɗakina ta ce, "Amarya, ga kwanon tsohon ga, a wanke." In na buɗe, robobi ne. Da la'asar ta mayar da abin da na haɗa, ta ce da ƙarfi don maƙwabta su ji, "Ga tuwon Injiniya!" Shi kuma ya fito da shi ƙofar rumfa yana hurawa yana gogewa da hannun riga, masu wucewa suna leƙe.

Amma gam, 'yar'uwa, ki ɓoye gam. Ɗan mitsitsi ne a cikin kwalin, guda ɗaya. Na fita alwala na dawo na tarar da rabinsa. Inna tana zaune tana duba bokitinta na roba da ya shekara da tsagewa, da silifa ƙafa biyu, da marfin buta, duk ta liƙe su.

"Amarya, wanga abu albarka gare shi. Wa yac ce a ɓata shi ga abin wasa?"

Ba a gardama da Inna. Na gwada ƙaro, tururuwa suka zo har daga gidan maƙwabta suka zauna a kujerar matuƙi. Na gwada sholishon masu faci, injin ya maƙale a yatsana na yini da shi har na yi tuƙin tuwo. Daga ƙarshe na koma ga ragowar gam ɗin, ina ɗiga shi da tsinken tsintsiya, kamar mai rabon turare a gidan biki. Ki ɗaure shi a bakin zane. Can ne kaɗai surukuwa ba ta bincike.

Mataki na 6: Kada ki bari a shanya miki fukafuki

A gidanmu duk abin da aka ce ya bushe, kan rufin kwano ake kai shi: kuɓewa, tattasai, kuka, ƙanzo. Na ce wa Kyalla fukafuki sai ya kwana biyu kafin ya bushe. Inna ta ji, ta ga kwana biyu ɓata lokaci ne ga mai rana irin ta Sakkwato.

Da azahar ta sauko da shi, ya lanƙwashe kamar ƙahon rago.

Baba ya gani ta kafar zana. Ya ce, "Kyalla, inna lillahi." Sannan ya ƙara da cewa, "Akwai dai irin wanga ga Jamus."

Kada ki karɓi wannan ta'aziyyar. Ki tsoma shi a ruwan zafi, ki shimfiɗa tsumma, ki danne shi da dutsen niƙa kwana uku. Gidan zai sha fura da gari mai tsakuwa daga niƙan maƙwabta. Ki yi haƙuri, yaƙi ake.

Mataki na 7: Ki mutunta matuƙi

A cikin robobin za ki sami ɗan mutum, bai kai babban yatsa ba, zaune ba kujera, hannunsa ɗaya a ware. Ki manna masa hannun, ki shafa masa fenti. Littafin ya ce fuska ruwan hoda. Baba ya ce wa Kyalla ƙarya ne, Turawan jirgi jajaye ne kamar tattasai, shi ya gan su. Ki bi Baba.

Sai batun murfin gilashi da ake rufe matuƙi da shi. Ina shirin mannawa Inna ta riƙe hannuna.

"Mi za ki yi?"

"Ruhewa, Inna."

"Cikin zahin ga? Ki ruhe bawan Allah cikin kwalba, ko taga babu? Ɗan wani na hwa."

"Inna, roba na."

"To robar ba narkewa takai ba? Ba mu gani ba?"

Aka bar murfin a buɗe. Tun daga ranar kuma in ta wuce sai ta leƙa ta ce masa sannu da aiki.

Mataki na 8: Ki ciyar da akuya kafin a fara zance

Wannan matakin da an sa shi tun farko. Ni ma a makare na koye shi.

Saura kwana biyar kasuwa ta uku. Gangar jiki ta haɗu, fukafukai sun zauna, saura wutsiya. Na ajiye littafin a kan turmi na shiga ɗauko reza. Da na fito, Kyalla tana tauna, idonta a lumshe, kusurwar shafi na goma sha ɗaya tana leƙowa daga bakinta. Duk bayanin wutsiya yana ciki: robobi tara, ba wanda ya yi kama da ɗan'uwansa.

Na zauna a ƙasa. Na manta da ƙa'ida, na ce da ƙarfi, "Kyalla, kin kashe mu."

"Mi tac ci?" in ji zana.

"Wutsiya."

Na zaci salati zan ji. Sai na ji tabarma ta motsa, murya ta matso. "Kyalla, a ɗauko mai hwaɗin nan guda biyu. Mai ɗan tudu shi ad dama. A'a, ba hakanan ba, a juya shi, gehen mai kauri shi ka duban gaba. Ƙarƙashi akwai 'yar ƙahwa, ba tsaye take ba, ta ɗan karkata baya. Wancan siririn kuwa motsi shi kai, kar a sa mai gam, in an sa an kashe shi."

Na bi. Kowace roba ta faɗa gurbinta, ƙwas, kamar an kira ta da suna. Mutumin da sati biyu yana ce wa bindiga ƙafa, ga shi yana gaya mini inda layin ƙusoshi ya bi, da inda fenti ke fara goguwa, da wurin da ƙarfen ke zafi da rana. Har ya ce wa akuya Bature ya yi kuskure, akwai wani ɗan marfi a hagu da bai sa ba.

Za ki so ki tambaya. Kada ki tambaya. Ki ba akuya dusa.

Mataki na 9: Kada ki gwada

Jirgin yana da ɗan inji mai juya farfela, da batir yake aiki. Batir kuwa a shekarar nan sai mai dogon hannu. Baba ya cire na rediyonsa, a daidai lokacin da 'yan siyasa ke zagin juna da daɗin ji, ya turo shi ta ƙarƙashin zana. Guda ɗaya, an riga an shanya shi a rana sau biyu, an kuma cije shi don ya farfaɗo.

Na rasa inda zan sa shi, na tura shi can cikin hanci, bayan farfela, na fito da wayoyi biyu ta ƙasa. Jirgi ya tsaya da ƙafafunsa, ko da yake wutsiyar tana ɗan lilo in an yi numfashi kusa.

Na ce, "Kyalla, da an gwada."

"Kyalla, in anka gwada yau, mi za a nuna gobe? Numhwashi guda yar rage mai."

Wannan ita ce hikimar zamaninmu: abin da za ka gwada, shi za ka ci. Ki manna tambarin fukafukai, mai kama da idon mujiya, ki rufe jirgi da faifai, ki yi addu'a.

Mataki na 10: Ki kama kafarki da wuri

Ranar kasuwa ta uku, bayan la'asar, ƙofar gida ta cika fiye da ranar tsaraba. Har da mutanen Lambara da suka fasa komawa. Inna ta ture ni daga kafata, sai da na huda sabuwa. Arzika ya zo da jakinsa, ya ɗaura masa tsohuwar hula.

"Na kawo magaji, ko da za a yi naɗi."

Aka fito da benci. Baba ya fito da babbar riga, ya ajiye jirgi, ya ɗage faifai. Gaskiya ya yi kyau. Fukafukin hagu yana ɗan duban sama, matuƙi ja wur kamar ya haɗiyi barkono, amma jirgi ne, ba mai cewa kwale-kwale.

Arzika ya zagaya shi sau biyu. "To, ya tsaya. Saura hwarhela."

Baba ya yi bisimilla, ya haɗa wayoyin. Farfela ta yi tari, ta juya, ta ɗauki kuka kamar sauro ya sami lasifika. Yara suka yi ihu. Sai jirgi ya fara rawa a kan benci, ya matsa gaba, wutsiya ta ɗaga, hanci ya nufi ƙasa.

Ban ga lokacin da Baba ya motsa ba. Tsohon da sai an ba shi hannu yake tashi daga tabarma, sai ga babban yatsansa a kan wutsiya, ya danne, ya daka wata tsawa da ban taɓa jin irinta a gidan ba: "A hau wutsiya! A hau wutsiya!"

Jirgi ya koma ya zauna. Farfela tana ta juyawa. Kowa ya tsaya baki buɗe, har Baba.

Arzika ya karkata kai. "Wa za shi hau? Ɗan'uwa, wanga kiran ina kas san shi?"

Baba bai ɗaga yatsa ba. Ya dubi jirgin. Sannan ya ce, a hankali, "Ni aka yi ma shi."

"Mi?"

"Ko ƙusa guda ban taɓa ɗaurawa ba, Arzika. In za a gwada inji, jirgi shina son kihewa bisa hanci. Sai a ƙwala kira, ni da wani Babarbare mu sheƙo mu hau wutsiya, mu kwanta, mu danne. Aikina ke nan shekara biyu. Iska ta ɗauke min hula goma sha ɗaya."

Inna ta kama hannuna ta matse. Arzika ya faɗi zaune don dariya, yana dukan ƙasa. "Ku ji min! Ashe dutsen danne shanya munka yi shekara arba'in muna ce ma Injiniya!"

Amma ba kowa ya taya shi ba. Wani dattijo daga Lambara ya matso. "Malam, injin na kuka, kai kana bisa?"

"Ina bisa."

"Wuta na hita?"

"Har gashin girata ta taɓa lasa."

"Ba ka gudu ba?"

"In na gudu jirgi ya kihe, da mutum ciki."

Dattijon ya juya ga Arzika. "Kai mi kat taɓa hawa?"

Wani daga baya ya ce, "Jaki. Shi ma ya kada shi bakin gulbi, da buhun albasa."

Dariya ta juya. Arzika ya miƙe yana kaɗe riga, ya ce sharaɗi dai bai cika ba, jirgin da sai da yatsa yake tsayuwa ai bai tsaya ba. Aka dubi Mai Unguwa Isa. Ya shafa gemu, ya ce, "Ni abin da nij ji, in ya tsaya. Ban ji an ce ban da yatsa ba. Ɗauka."

Aka ɗora benci da jirgi a kan Arzika. Ya yi taku biyu, ya tsaya, ya juyo da ƙyar. "Tsaya tukuna. In ba kai kah haɗa na Kano ba, wanga wa yah haɗa shi? Suna dai ba naka na ba, ka hwaɗa da bakinka. A ba jaki."

A nan, 'yar'uwa, ki fara addu'ar ƙasa ta tsage.

Baba ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya yi tari. Ya ce, "Suna ba nawa na ba, gaskiya ta. Amma jaki ba shi samu nai, akwai mai shi. Wata baƙuwa ta, cikin gidan ga. Ta Bodinga."

Kawuna kusan ɗari suka juyo suka dubi zana. Inna ta rangaɗa guɗa a cikin kunnena.

Haka aka zagaya gari har magariba: Arzika a gaba da benci a ka, Baba a baya da hannu a sama, yatsa a kan wutsiya, yana ba da sabon labari. Jaki yana biye, da hula.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ta yi alkawarin jirgi da mutuncin dattijo, ta kuma cika. Abin da ya biyo baya ba ya cikin yarjejeniya.

Ba ruwanta in kin wayi gari yara suna leƙowa ta katanga suna kiran ki Injiniya. Ba ruwanta in ke da ba kya iya amsa sallama sai kin yi gyaran murya sau biyu, kin koma karɓar baƙi tun hantsi: mai fitilar da ke hayaƙi, mai agogon da ya tsaya tun mulkin soja, mai keken ɗinkin da ke cin zare, da masu zuwa kawai su ga hannunki. Ba ruwanta in hulunan surukinki sun kai goma sha tara kafin damina. Duk wanda jirginsa ya kife, ko bokitinsa ya koma yoyo, ko taubashinsa ya yi sati yana jinyar wuya, ya kai kukansa Gusau, wurin mai tsaraba.

In kuma kin zo Shagari neman ƙarin bayani, don Allah kada ki yi sallama da sunan nan. Ki shigo a hankali, ki ajiye kayanki a layi, bayan matar da ta kawo mini kazar da ta daina ƙwai.